Kurtu, Saje da Dariya: Tambayoyi da Amsoshi kan Finafinan Barkwancin Soja na Ingila a Zamanin Yaƙin Hitila

In aka ce fim ɗin yaƙin duniya na biyu, abin da ke zuwa ran mutum shi ne jirage na ruwan wuta, igwa na tashi, maza na faɗuwa. Amma akwai wani reshe da ba a cika maganarsa ba, wato finafinan ban dariya da Turawan Ingila suka riƙa yi a kan zaman bariki, a daidai lokacin da yaƙin ke kan ganiyarsa. Ga tambayoyin da masu sha'awar tsofaffin finafinai suka fi yi a kansu.

Wai waɗanne finafinai ne waɗannan?

Finafinai ne na baƙi da fari, yawancinsu ba su wuce awa ɗaya da rabi ba, da aka yi tsakanin 1939 da 1945. Labarinsu kusan guda ne. Za a ɗauko wani bawan Allah da bai taɓa riƙe ko bindigar harbin tsuntsu ba, a saka masa kaki, a miƙa shi hannun saje mai ƙaton murya. A filin fareti in an ce dama ya yi hagu. In an ba shi gadi ya yi barci. Ya sha gwale-gwale, ya kwana a gadirum, ya ƙyalla ido a kan 'yar kanar, a ƙarshe kuma, ba da dabararsa ba, ya kama ɗan leƙen asiri ko ya ceci rundunar daga kunya. A tsakani za a tsaya a yi waƙa biyu ko uku, ko da waƙar ba ta da haɗi da labarin.

Ba sojan ƙasa kaɗai ba. Akwai na mayaƙan ruwa, akwai na mayaƙan sama, akwai na dakarun tsaron gida. Amma barikin sojan ƙasa shi ya fi ba da nama, saboda a nan ne sajen yake.

Ana jefa wa mutane bom, wa ke da bakin dariya?

Ita ma gwamnatin Birtaniya haka ta zata da farko. Da aka shelanta yaƙi ranar 3 ga Satumba 1939, sai ta rufe gidajen silima da na wasan kwaikwayo gaba ɗaya, don tsoron kada bom ya faɗa kan taron jama'a. Mutane suka yi ca, har da shahararren marubucin nan George Bernard Shaw, wanda ya rubuta wa jaridar The Times wasiƙa yana cewa rufewar wauta ce. Cikin makonni biyu aka fara buɗewa.

Daga nan kuwa silima ta zama matattarar kowa. A 1939 ana sayar da tikiti kimanin miliyan 19 a kowane mako, kafin 1945 ya haura miliyan 30. A 1946 aka kai ƙololuwa, tikiti miliyan 1,635 a shekara guda, adadin da ba a sake kamowa ba har yau. Dalilin a fili yake. Da dare an hana kunna fitila a titi ko barin haske ya fita ta taga. Tun Janairu 1940 sukari da man shanu sai da kati, tufafi ma suka bi sahu a 1941. Mutum yana da 'yan kuɗinsa na aikin masana'anta amma babu abin saya. Silima kuwa da ɗumi, da araha, da abokan zama. Ko a watannin da jiragen Jamus suka yi ta yi wa Landan luguden wuta, daga Satumba 1940, in jiniya ta yi kuka sai a sanar da 'yan kallo, wanda zai tafi maɓoya ya tafi, fim ya ci gaba. Da yawa ba sa ko motsawa daga kujera.

Me ya sa zaman bariki ne ya zama abin barkwanci?

Saboda dare ɗaya ya zama zaman kowa. A ranar da aka shiga yaƙi majalisa ta zartar da dokar tilasta wa maza daga shekara 18 zuwa 41 shiga aikin soja, a ƙarshen 1941 aka ɗaga shekarun zuwa 51. Akawu, mahauci, direban bas, malamin makaranta, duk aka zuba su ɗaki ɗaya, aka aske musu kai, aka ba su takalma masu nauyi. Albashin ƙaramin soja a farkon yaƙin sule biyu ne a rana. Wanda bai shiga ba kuwa yana da ɗa ko miji ko ƙane a ciki, kuma wasiƙun da ke zuwa gida cike suke da ƙorafin abinci, da wankin bene, da goge maɓallin riga har ya yi ƙyalli.

To ka ga ɗan wasa ba ya buƙatar dogon bayani. Da saje ya buɗe baki, rabin ɗakin silima sun san irinsa, wasu ma da hutun kwana bakwai suka zo kallon, gobe za su koma hannunsa.

Jamusawa ake yi wa dariya ke nan?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ana taɓa su, ba shakka. A fim ɗin Let George Do It na 1940 akwai inda George Formby ya yi mafarkin ya sauko daga balan-balan a tsakiyar taron 'yan Nazi ya kai wa Hitila naushi. A The Goose Steps Out na 1942, Will Hay ya fito a malamin makaranta da ya yi kama da wani ɗan leƙen asirin Jamus, aka tura shi can yana koyar da ɗalibai 'yan leƙen asiri al'adun Ingila. Sai ya koya musu cewa babbar gaisuwar girmamawa ita ce ɗaga 'yan yatsu biyu, ya sa duk ajin suka yi wa hoton Hitila. A Ingila wannan alama daƙuwa ce tsagwaronta.

Amma in ka zauna ka ƙirga dariyar, mafi yawanta a gida take. Saje ake yi wa, da kofur mai jin kansa saboda igiya biyu, da hafsa ɗan manyan gida wanda bai san kan aikin ba, da mai dafa abinci, da dokokin da ba wanda ya san amfaninsu. Abokin gaba yana can ƙetaren teku, kurtu bai taɓa ganinsa ba. Wanda ke tashinsa da asuba yana zaginsa shi ne yake gani kullum. A ganina wannan shi ne ruhin finafinan: farar hula ne da aka cusa cikin kaki yana rama abin da ake yi masa da baki, tun da ba shi da ikon ramawa da hannu.

Sai dai ramuwar tana da iyaka. Ba za ka ga kurtu ya gudu daga aiki ya tsira ba, ba za ka ga an ce yaƙin banza ne ba. Kafin a tashi, sajen nan mai baƙar zuciya zai nuna cewa ashe yana da tausayi, raggon nan kuma zai yi abin kirki. An yi dariya, an huce, kowa ya koma layi.

Su wane ne manyan 'yan wasan?

Kusan dukkansu daga dandalin wasan dare suka fito, wato gidajen da talakawan birane ke zuwa kallon waƙa da barkwanci tun zamanin Sarauniya Victoria. Shi ya sa wasansu a fim yake kama da na mai tsaye a kan dandamali yana jiran tafi.

George Formby shi ne gaba da kowa a farin jini a farkon yaƙin. Mutumin Wigan ne a arewacin Ingila, mai manyan haƙora da murmushin wawa, yana kaɗa wata 'yar ƙaramar molo mai tsirkiya huɗu da saurin tsiya. Kullum a sakarai mai sa'a yake fitowa. Ban da fim, shi da matarsa Beryl sun yi ta yawo sansani-sansani suna yi wa sojoji wasa a ƙarƙashin ƙungiyar ENSA, wadda Basil Dean da Leslie Henson suka kafa a 1939 don nishaɗantar da mayaƙa.

Arthur Askey gajere ne mai tabarau da rawar kai. A King Arthur Was a Gentleman na 1942 ya fito a kurtun da aka ba wani takobi, ya yi imani cewa takobin sarkin almara ne, daga nan tsoro ya bar shi. Tommy Trinder ɗan Landan ne mai kaifin baki. Sai gungun Crazy Gang, waɗanda a Gasbags na 1941 balan-balan ɗin tare jirage ya kwashe su da rumfarsu ta soya kifi da dankali ya dire su a Jamus. Abin lura, da yawa daga cikin finafinan nan darakta ɗaya ne ya yi su, Marcel Varnel, wanda ma haifaffen Faransa ne.

Na ji ana ambaton Frank Randle. Me ya bambanta shi?

In barkwancin bariki zalla kake nema, wurinsa za ka. Shi ne jagoran jerin finafinan da kamfanin Mancunian na John E. Blakeley ya yi: Somewhere in England a 1940, Somewhere in Camp a 1942, sai Somewhere on Leave a 1943. Somewhere in Civvies na wannan shekarar kuma kamfanin Butcher's ne ya yi shi. Harry Korris ne ke fitowa a saje a na farkon, Randle kuma tsohon kurtu ne mara haƙori, mashayi, mai gyatsa a gaban manya, mai bin mata da ido. Formby yana jin kunyar hukuma, shi kuwa Randle ko a jikinsa. In hafsa ya yi masa tsawa sai ya dube shi sama da ƙasa kamar ya ga abin mamaki. A Somewhere on Leave wani soja ɗan masu kuɗi ya gayyaci abokansa hutu a katafaren gidansu, sai ka ƙiyasta abin da Randle zai yi a teburin cin abincin manya.

Finafinan an yi su da kuɗi kaɗan, kuma ana gani. Kyamara a kafe take wuri guda, labarin soyayyar da aka liƙa a ciki ba ya da gishiri. Masu sharhin jaridun Landan ko dai su yi watsi da su ko su yi musu kaca-kaca. Amma a garuruwan masaƙu da ma'adinan kwal na arewa, silima cika take maƙil. Akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin arewacin Ingila mai masana'antu da kudu mai mulki da kuɗi, kuma hafsoshin fim da harshen kudu suke magana, kurataye da na arewa. Mutumin Lancashire da ke kallon Randle yana yi wa kyaftin rashin kunya ya san ba maganar soja kaɗai ake yi ba. Shi kansa Randle ba kanwar lasa ba ne a waje, don bayan yaƙi hukumar garin Blackpool ta taɓa gurfanar da shi a kotu kan batsa a wasansa.

Gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu don farfaganda?

A'a, 'yan kasuwa ne ke yi don riba, kamfanoni irin su Ealing da Gainsborough. Amma gwamnati tana riƙe da wuyan kowa ta wasu hanyoyi. Ita ke raba ɗanyen fim ɗin da ake ɗauka a kai. Ita ke ba da aron sojoji da motoci da kaki. In ɗan wasa yana aikin soja, sai ta yarda a sake shi. Ta kuma karɓe wasu manyan wuraren shirya fim, kamar Pinewood, don aikinta. Ma'aikatar Watsa Labarai tana da sashen finafinai da ke duba labari ya ba da shawara, kuma shawarar mai raba kayan aiki ai umarni ce. Wani lokacin ma ma'aikatar kan ɗauki 'yan barkwancin haya kai tsaye, kamar gajeren fim ɗin Go to Blazes na 1942 inda Will Hay ke kwaɓa yadda ake kashe bom mai tayar da gobara, 'yarsa ta zo ta gyara.

Akwai wanda ya wuce gona da iri har hukuma ta fusata?

Akwai, kuma ba na su Randle ba ne. The Life and Death of Colonel Blimp ne na 1943, wanda Michael Powell da Emeric Pressburger suka yi, mai launi, mai tsawon fiye da awa biyu da rabi. Sunan ya samo asali daga zanen barkwanci na David Low, na wani tsohon kanar mai tumbi da gashin baki wanda kansa ya tsaya a zamanin da. Fim ɗin ya buɗe da atisaye: an shirya za a fara da tsakar dare, sai wani matashin hafsa ya ƙi jira, ya je ya kama tsohon janar tsirara a gidan wankan tururi, yana cewa abokin gaba ba ya jiran agogo. Karen bana ke nan da zomon bana.

Ministan yaƙi James Grigg ya ƙi ba da kowane taimako, aka kuma ƙi sakin ɗan wasa Laurence Olivier, wanda aka so ya fito a janar ɗin, daga aikin mayaƙan ruwa, sai Roger Livesey ya hau matsayin. Firayim Minista Winston Churchill da kansa ya nemi a dakatar da aikin, amma ministan watsa labarai Brendan Bracken ya nuna masa doka ba ta ba shi wannan iko ba. Abin da ya ƙara ɓata musu rai, babban aminin janar ɗin a labarin hafsan Jamus ne, mutumin kirki, wanda Anton Walbrook ya fito a matsayinsa. An nuna fim ɗin a gida, amma an jinkirta fitar da shi waje, Amurka ba ta gan shi ba sai 1945, kuma a yanke.

Dubi bambancin. Shekaru ana mayar da saje abin dariya ba wanda ya ɗaga gira. Ranar da aka taɓa janar-janar sai ga Firayim Minista a tsaye. Wargi ma wuri yake samu. Abin ban haushin kuma, wanda ya kalli fim ɗin zai ga ba wulaƙanta tsohon aka yi ba, tausayinsa ma ake ji a ƙarshe.

The Way Ahead fa, yana cikinsu?

Rabi da rabi. An fara shi ne a matsayin gajeren fim ɗin horar da kurataye mai suna The New Lot a 1943, sannan Carol Reed ya faɗaɗa shi ya fito a watan Yuni 1944, Eric Ambler da Peter Ustinov suka rubuta. Kashin farko barkwancin bariki ne sosai: ga manajan kanti da yaronsa an ɗauke su rana ɗaya sun zama daidai, ga mai hura tukunyar ɗumama majalisa, kowa na gunaguni yana ganin saje ya tsane shi. Kashi na biyu kuwa an tafi Afirka ta Arewa, dariya ta ɗauke. David Niven ne hafsansu, kuma an yi dabara aka ce kafin yaƙi makanike ne a gareji, don a nuna sabon soja ba sai ɗan sarauta ba. A zahiri Niven hafsa ne na gaske, Ustinov kuma ƙaramin soja, sai da aka rubuta shi a matsayin odalin Niven kafin dokar soja ta bar su su zauna aiki tare.

Mata ba sa ciki ne?

A yawancinsu mace budurwar da ake nema ce kawai. Amma daga Disamba 1941 an fara ɗaukar 'yan mata marasa aure masu shekara 20 zuwa 30, da yawa suka shiga rundunar mata ta ATS, wadda Gimbiya Elizabeth ma ta shiga a 1945 ta koyi tuƙi da gyaran mota. The Gentle Sex na 1943, wanda Leslie Howard ya ba da umarni, ya bi mata bakwai cikin wannan runduna, da raha a ciki amma ba barkwanci zalla ba. Na barkwancin shi ne Old Mother Riley Joins Up, sai dai tsohuwar da ke ciki namiji ne, Arthur Lucan, da ya shekara da shekaru yana shigar tsohuwa mai wankau, matarsa ta gaske Kitty McShane tana fitowa a 'yarsa.

Su wane ne dakarun tsaron gida da ake yawan tsokana?

Rundunar sa kai ce da Anthony Eden ya yi kiran kafawa ta rediyo ranar 14 ga Mayu 1940, lokacin da ake fargabar Jamus za ta tsallako. Tsofaffi ne da yara da waɗanda aikinsu ya hana a ɗauke su, sun kai miliyan ɗaya da rabi. Da farko babu kaki babu bindiga, wasu da sandar tsintsiya suke fareti. Formby ya yi Get Cracking a kansu a 1943, inda dakarun ƙauyuka biyu maƙwabta suka manta da Hitila suka koma gasa da juna, kamar Bakano da Bazazzagi, har ya ƙera tankar yaƙi da hannunsa. Amma abin da ya dawwamar da su shi ne shirin talabijin na BBC, Dad's Army, daga 1968 zuwa 1977, wanda mutane da yawa ke ɗauka na zamanin yaƙi ne alhali an yi shi bayan shekara 20 da ɗoriya.

Sojojinmu da suka je Bama sun fito a ciki?

Ba su fito ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da Hausawa da yawa a ciki, sun yi yaƙi da Japanawa a dazukan Kaladan da Arakan, kuma har yau sunayen barikoki irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya daga can suka samo asali. Amma barikin finafinan nan na Turawa ne zalla, an yi su don mai kallo na Manchester da Landan. Abin da aka tanadar wa ƙasashen da ake mulka daban ne: a 1939 aka kafa sashen finafinan mulkin mallaka a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya yi aikin kiwon lafiya a Nijeriya, kuma irin kayansu ne motocin majigi ke yawo da su gari-gari, na wa'azin tsabta da labarin yaƙi.

Sai dai barikin da suka gada mana ya haifi nasa barkwancin. Kurtu, kofur, saje, samanja, duk sunayen muƙaman Turanci ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Wanda ya taso yana kallon marigayi Usman Baba Pategi a Samanja Mazan Fama, da tsawarsa da Hausarsa ta bariki, ba zai sha wahalar gane sajen su Randle ba. Shi ma Pategi, wanda ya rasu a 2023, sai da ya sa kaki na gaske kafin ya mai da shi abin wasa.

Da yaƙi ya ƙare sai aka daina?

Sai ma abin da ya ƙaru, don an ci gaba da ɗaukar samari aikin soja na dole har 1960, na ƙarshensu suka fita a 1963. Kuma yanzu babu abin da ake tsoro, sai harshe ya ƙara kaifi. Private's Progress na 1956 ya nuna soja cike da 'yan zamba da masu zillewa aiki, har da hafsoshi ɓarayi, Ma'aikatar Yaƙi ta ƙi taimaka masa, shi kuwa ya yi kasuwa. Carry On Sergeant na 1958 shi ya buɗe jerin finafinai 31 da sunansu ke farawa da Carry On. A dukkan biyun William Hartnell ne saje, kamar yadda yake a The Way Ahead. Mutumin ya gaji da tsawa a fareti har 1963, lokacin da aka ba shi matsayin farko a shirin talabijin na Doctor Who.

In zan gwada, da wanne zan fara, kuma zan fahimta?

In kana son fim mai kyau ne, fara da The Way Ahead, sannan Colonel Blimp in kana da haƙurin zama, ka nemi cikakken da aka gyara, ba yankakken ba. In dariya kake so ba tare da wahalar harshe ba, The Goose Steps Out. Su Randle ka bar su sai daga baya, don Turancin Lancashire daga bakin da babu haƙori ko Baturen kudu yana cewa a maimaita masa. Wasu daga cikinsu suna YouTube, hoton dishi-dishi, kuma tashar Talking Pictures TV ta Birtaniya takan nuna irinsu.

Ka shirya wa abubuwa biyu. Na farko waƙoƙin da ke katse labari, wanda dai mai kallon finafinan Indiya da na Kano ba zai ga baƙonsa ba. Na biyu wasu wuraren da yau ba sa ba da dariya, kamar a Gasbags inda aka mai da sansanin tsare mutane na 'yan Nazi wurin wasa. An yi fim ɗin ne shekaru kafin sojojin Birtaniya su shiga sansanin Belsen a watan Afrilu 1945, hotunan abin da suka tarar su iso waɗannan gidajen silima ɗin.